Rasuwar Tirayak Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake zuciya ce da ta ga abin da ya fi wannan, ni Alhaji Hamadu Mai Kwalekwale na unguwar Yelwa, Garuwa, ina sanar da 'yan majalisa da maƙwabta rasuwar Tirayak, mai kunna fitilun ƙofar gidana, wanda ya cika ranar Talata bayan shekara shida a bakin aiki.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, marigayin bai fi ƙwallon dabino girma ba, baƙi ne, ƙafarsa uku, mazauninsa wani ɗan akwati a bangon zaure. Kusa da shi akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai sanin lokaci. Ita ba ta da ƙarfin taɓa wutar lantarki, sai dai da magariba ta yi masa ishara, shi kuma ya buɗe wa wutar hanya a hankali, fitilu su taso kamar wayewar gari. Bai taɓa makara ba. Ladanmu ma da fitiluna yake gyara agogonsa. Ba shi da surutu. In an rage haske don hira, ɗan “zzz” kawai za ka ji, kamar sauro mai kunya.

Saboda haskensa dattawan unguwa suka maido majalisa ƙofata. A majalisar nan kuwa na sha faɗa cewa ni na haɗa shi da hannuna, ni da ban taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba. Wa zai musa? Dorina ta kife mini jirgi a tsakiyar Binuwai na fito da hulata a kai. Kwalara ta kwantar da ni sau biyu, ita ta gaji.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga karramawa. A gidanmu abu mai daraja ba ya zama tsirara: wuƙata tana da kube, rediyona yana da riga. Sai na sa baduku ya ɗinka wa akwatin rigar jan fata mai tuntaye, ta kama shi tsam, ta rufe ramukan jikinsa duka. Lokacin bazara ne, zafin Garuwa kun san shi. Ranar sunan jikana kuma na ƙara masa ƙwan fitila takwas a kan huɗun da ya saba. Ya ɗauka. Kwana uku yana zazzaɓi a cikin rigarsa, sai muka ji ƙauri.

Ya rasu idonsa a buɗe, kamar yadda irinsu suke mutuwa: hanyar wuta ba ta sake rufuwa. Tsakar rana fitilu goma sha biyu na ci a ƙofata. Malam Adoum tela ya tsaya da kekensa ya ce, “Alhaji, rana ce ta ɓace maka kake nemanta?” Dole na kwance ƙwayayen. Kafin sati, majalisa ta kwashe kujerunta ta koma ƙofar Adoum, ƙarƙashin dogon ƙwai guda mai kyaftawa, ana shan shayi ba sukari.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa Rele, mai kula da fitilar tsakar gida, wanda ke nan lafiya lau saboda Hajiya ta hana ni zuwa kusa da shi. Ya bar ƙwai goma sha biyu a cikin daro. Ya bar 'yar ƙwaƙwalwa, wadda har yanzu kowace magariba take ba da umarni ba mai bi. Wannan halin na san shi.

Na kira 'yata Su'ad, mai aikin lantarki a Ngawundere. Ta ce, “Baba, ban ce maka ramukan nan hancinsa ne ba? Zan sa sabo, amma sai ka faɗa wa majalisa wa ya haɗa shi, wa kuma ya kashe shi.”

To, ku ji. Su'ad ce ta haɗa shi. Ni na kashe shi. Amma ni na haifi Su'ad, kada a manta da wannan.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Su'ad za ta cire gawar da ƙarfenta mai narka dalma, a sa a gwangwanin kifi, a binne gindin darbejiya. Rigar fatar na bar wa Malam Adoum ya sa almakashinsa a ciki. Mai zuwa ta'aziyya ya biya ta ƙofar Adoum ya ɗauko kujerarsa, kuma ya zauna har magariba, lokacin da sabon zai kama aiki. Ba a komawa da kujera.