Sallau da Mazauna Ƙwaryar Kindirmo

Tabawa mai kindirmo ba ta manta ranar da ta fara ganin Sallau ba. Gidan daga shi sai mahaifinsa Malam Nadabo, wanda likita ta ɗora a kan maganin rage kitsen jini. An ce wa Sallau ya tsaya a ƙofa ya jira mai nono. Ta zo, ya tare ƙofar ƙyam, don ba a ce ya matsa ba. Tun ranar ƙafarta ta koyi layin.

Wata rana likita ta gaya wa Sallau akwai ƙananan halittu masu rai a kindirmo, a lura ko za su saɓa da maganin. Da Tabawa ta sauke ƙwarya, ya durƙusa ya yi musu sallama.

"Dama a hankali," ya ce, "kar jiri ya kwashe su."

Wata rana Malam ya haɗiyi magani, ya kora da kindirmo. Sallau ya kafa kunne a cikinsa, ya ji ƙugi.

"Sun kaure!"

Ya ruga ya ɗauko mai unguwa ya yi sulhu.

Wata rana Malam ya tashi da ciwon cinyoyi. "Nonon yarinyar nan ne. Kada ta ƙara tako mini gida." Tabawa ta riƙa wuce ƙofar, ƙwarya na yi mata nauyi.

Da likita ta ji, ta ce tana son ganin duk abin da Malam yake ci. Sallau ya cika baro: buhun gero, tukunyar miya, zakara mai rai, har da reshen garehul, babban lemon nan mai ɗaci na tsakar gida. Ya roƙi Tabawa ta biyo shi da ƙwaryarta. Zakara ya kuɓuce, ma'aikatan asibiti suka bi shi, amma likita reshen take kallo.

"Yana shan wannan?"

"Kullum, ranki ya daɗe," in ji Sallau.

"To shi ne ba ya shiri da irin maganinsa. A daina. Kindirmo kuwa a ci gaba."

A hanyar gida Sallau ya ce, "Kin ji an wanke mazauna ƙwaryarki. Yaushe za ki dawo da su?"

Tabawa ta san duk abin da aka faɗa masa, haka zai riƙe shi, ba ragi. Ta gyara gammo, ta faɗa yadda zai ji sarai:

"Kullum, Sallau. Har mu tsufa."