Ranar da Kwamfutata Ta Farka a Zauren Surukina

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Hauwa, yarinyar da nake nema da aure, ba, a wani ƙauye can gefen Makoɗa.

Lokacin ina ji da kaina. Na goge manhajar da ta zo da laftof ɗina na ɗora Linux, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, har ina yi wa abokaina kallon ƙauyawa. Matsalata ɗaya, in na rufe murfin, kwamfutar ba ta barci, sai ta yi ta huci a jaka. Na yi ta tone-tone a saitin da ban gane ba (duk abin da wani ya rubuta a intanet kwafa nake in zuba mata) har ta fara barci. Ashe barcin zomo na koya mata. Maus, wato linzaminta, ya ɗan motsa kawai, sai ta farka ta ɗora daga inda ta tsaya.

Shi kuwa mahaifin Hauwa malami ne, kuma ta gargaɗe ni cewa abin da ya fi tsana shi ne rawar kai. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Tsoro ya sa na zauna na yi gwajin gaisuwar, na naɗi muryata a kwamfutar don in ji inda zan gyara. Da abin ya yi mini daɗi sai na shiga amsa wa kaina da muryar Malam, har da gyaran muryar da Hauwa ta ce yana yi kafin kowace magana. Ina cikin saurare lokacin tafiya ya yi, na rufe murfi na cusa ta da maus a jaka. (Me ya kai laftof gaisuwar surukai? Don a san ina da abin yi.)

Bayan la'asar na tarar da Malam a zaure da dattawan unguwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na dire jaka. Kafin in buɗe baki jakar ta riga ni.

"Ehem, ehem. Samari, ai irinka muke nema. Na ba ka Hauwa, Allah ya sa albarka."

Sannan ga tawa muryar, har da shewa: "Tsoho ya faɗo!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na kama kokawa da zif, zif ya ƙi. Wani dattijo ya cusa fuska cikin babbar rigarsa, kafaɗunsa na rawa.

Malam bai yi dariya ba. Ya yi gyaran murya, irin wanda aka ji yanzun nan sak, ya ce, "To, tunda Malam na cikin jaka ya riga ya bayar, ni me ya rage mini? Ka je ya ɗaura muku."

Sai da kawuna ya yi ta zarya yana ban haƙuri har aka cire gyaɗa kafin Malam ya sauko. An ɗaura, alhamdu lillahi. Amma har gobe in na nemi shawararsa sai ya tambaye ni me na jaka ya ce.

Abin da na koya shi ne, in za ka gaban manya kada ka yarda da barcin na'ura. Kashe ta ɗungurungum, ka bar ta a gida, bakinka ma ka rage masa caji.