Rumbun da Ya Fi Inna Gata

Jiya na kai Inna asibiti a cire mata yanar ido, na dawo da ita da yanarta cif. Likitan baƙo ne, yau zai koma inda ya fito, kuma ya rantse ba zai sa wuƙa ba sai ya ga sakamakon gwajin jininta.

Na nufi tagar gwaji. Ma'aikaciyar ta ce, “Malam, ai mun ci gaba. An haɗe bayanan asibitin nan kaf a rumbun kwamfuta ɗaya.”

“Madalla. To a buɗe rumbun.”

“Mai lambar sirrin ya tafi kwas ƙasar waje.”

“Kwas ɗin me?”

“Na yadda ake buɗe shi.”

Jama'a, a jinjina wa Ranka-ya-daɗe Sarkin Yanka Ƙyalle, wanda ya ƙaddamar mana da rumbun. Da can ɗakin gwaji ya ɓatar da nasa takardun, ɗakin magani ya ɓatar da nasa, kana yawo taga-taga har takalmi ya cinye, wata rana ma a yi kuskure a gano takardarka. Yanzu an huta, taga ɗaya ce za ta ba ka haƙuri a madadin kowa. Maƙwabcina mai faci ya ce garin neman gira aka rasa ido. Na ce ya iya bakinsa, idon uwata ne.

Na roƙa a sake gwajin. Aka ce babu wuta, janaretan na rumbun ne shi kaɗai, don ba ya son zafi.

Inna ma ba ta son zafin. Muna kan benci jiri ya kwashe ta. Wata nas, Allah ya yi mata albarka, ta saci jiki ta shigar da mu ɗakin rumbun. Sanyi kamar cikin randa, ga labule, ga mai gadi da kujerarsa. Inna ta farfaɗo, ta lalubi ƙarfen rumbun, ta rage murya.

“Ɗan nan, wane babban mutum aka kwantar a nan?”

“Gwajinki ne a ciki, Inna.”

“To a bar shi ya huta.”

Da safen nan likita ya tafi, sai baɗi in da rai. Shi kuwa rumbun, na ji bayan fitarmu jikinsa ya ɗan yi ɗumi. A jirgi aka ɗauko masa likita.