Jirgin Faiba da Na Jiƙa Kwana Uku

Damina ce, gulbi ya cika, kuma amaryata Hajara za ta ganin gida karo na farko, can ƙetare wajen Kamarawa. Na ƙudura a raina ni da kaina za ni tuƙa ta a kan ruwa, iska na kaɗa mayafinta, tana satar kallona.

Wani masunci ya ara mini tsohon jirginsa na faiba. Ƙasan duk tsaga ce siririya kamar gashi, amma ban damu ba. Tun ina ƙarami na san yadda ake yi wa kwale-kwalen katako: a nutsar da shi, itacen ya kumbura, tsagar ta rufe. Na nutsar da jirgin, na danne shi da duwatsu har kwana uku.

Masuncin ya ce, "Malam, mi kaka jira? Roba ba ta kumbura."

Na yi masa murmushin wanda ya yi karatu.

Ranar tafiya, muna cikin jirgin, ina tsakiyar yabon idanun Hajara sai ruwa ya rufe mana idon sawu. Dab da gaɓa, inda surukina ke tsaye yana jiranmu, jirgin ya zauna a kan yashi a hankali. Hajara ta tattare zane, ta riƙe takalmanta, ta ƙarasa da ƙafa tana dariya.

Yanzu 'ya'yanmu uku. Duk ranar da bokiti ya tsage a gida, sai ta miƙo mini shi ta ce, "Maigida, kwana nawa wannan za shi yi a gulbi?"