Tudun da Ya Koma Dama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bar tabarauna a jaka ba, ko da na tsufa na mance hanyar gidanmu.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sashen fiziks na jami'a a Samaru. Farfesanmu ya ce ɗalibi ɗaya zai ɗauka ya yi digiri na biyu a hannunsa, kuma a semina zai zaɓa. Ni da Emeka muke neman gurbin. Ina son gurbin nan har cikin raina, don na riga na ga kaina a ofis mai taga, ina lissafi ana ruwa a waje.

Batun da aka ba ni shi ne wannan. Idan ƙwayoyi biyu da suka fi zarra ƙanƙanta suka yi karo cikin gudu mai tsanani, tarkacensu ba ya watsewa ko'ina; yana fita ne a tattare, kamar feshin ruwa daga famfon da ya tsage. Masana suna ce masa jet, ni kuwa feshi nake ce masa. Kowane feshi da nauyinsa, kuma aikin mai lissafi shi ne ya faɗi, tun kafin a gwada, nawa ne za su fito da sauƙi, nawa da nauyi. In aka zana amsar, layin yana tashi da sauri a hagu ya yi tudu, sannan ya gangara a hankali zuwa dama, ɓangaren masu nauyi, domin masu nauyi sosai kaɗan ne. Na ƙaunaci layin nan. Dutsen Kufena nake gani a jikinsa, da yamma, ya ja doguwar inuwa.

Ƙawata Ngozi ta raka ni Sabon Gari aka buga mini zanen a ledar majigi, irin wadda ake ɗorawa a gilashi haske ya kai ta bango. Da safen seminar na zizara kwalli, na duba madubi, na ga ai zalunci ne a ɓoye idanun nan a bayan gilashi. (Kada ku tambaye ni wa nake so ya gani. Yana zama a layi na uku, kuma bai zo ba ma.)

Na ɗora ledar, na juya wa bango baya, na fara. Magana tana zuwa mini kamar ana zubo ta. Idona na kan bishiyar darbejiya ta taga, ina ba su labarin ƙwayoyi biyu da suka taho daga nesa don su haɗu sau ɗaya tak. Can baya na hango wata inuwa mai kama da Ngozi tana ta juya hannu a iska. Na ce a raina, Allah sarki, jinjina take mini.

Sai Emeka ya ɗaga hannu.

"'Yar'uwa, duba bangon mana. Me ya kai tudun dama?"

Yanzu na san ceto na yake yi. A lokacin kuwa cewa na yi abokin takara ne ya kawo hari. Na waiga, na ga dishi-dishi: tabbas tudun yana dama. Amma maimakon in ce a dakata in duba, sai na yi murmushi.

"Ai dole ya zauna a dama," na ce. "Ƙwaya ba ta son tafiya ita kaɗai. Kamar amarya take, duk inda ta bi sai ta tara 'yan rakiya, ayari ya yi nauyi. Shi ya sa masu nauyi suka fi yawa."

Na ci gaba, har da guɗa da akwatuna. Ɗakin ya yi tsit, na ɗauka daɗi ne ya kama su.

Farfesa ya gyara zama. "Malama, karanta mana abin da aka rubuta a ƙasan zanen."

Na lalubo tabarau na sa. Haruffan duk sun juya baya, lambobi suna tafiya daga dama zuwa hagu. A kife na ɗora ledar.

"To, ashe da ajami kika zana," in ji shi. "Sai mu faro daga dama."

Dariyar da aka yi, ina jin har bakin titi an ji ta. Ngozi ta kifa kai a benci. Na juya ledar, tudun ya koma gidansa, inuwar Kufena ta miƙe inda ta saba.

Da aka lafa, Farfesa ya yi magana a hankali, ba faɗa.

"Kowa yana kifa leda, ni ma na sha yi. Bayanin ne ya dame ni, don ya yi daɗi ƙwarai. In lissafinki ya yarda da tudu a hagu, ya kuma yarda da shi a dama, me ya faɗa mana ke nan?"

Na cire ledata na koma wurin zamana.

Emeka Farfesa ya ɗauka. Ni kuma na samu suna: har muka gama, Hajiya Ajami ake kira na, kuma Ngozi ba ta daina ba har yau, ko a waya.

Ban daina mafarki a gaban taga ba, wannan kam ya zama jiki. Sai dai duk sa'ad da na ji bayani yana zubo mini sumul, yana yi mini daɗi a baki, nakan tsaya in taɓa hancina tukuna, in ji ko tabarau na nan.