Rasuwar Gireda a Gonar Ɗanliti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ɗanliti na Kukar Maje, gabas da Kunci, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar giredarmu mai gyaran hanya, wadda muke kira Hajiya Ɗorawa saboda launin fentinta. Ban yi boko ba. Malam Nababa mai shagon magani ne ya riƙe biro, amma kowace kalma daga bakina ta fito, kuma na gaya masa in ya rage ɗaya zan gane a fuskarsa.

Ni ne na ci dusa da tafasa shekarar da fari ya ƙarar da shanu, ban mutu ba. Na ga fara, na ga annoba, na binne sa'o'ina kakaf. Ba a taɓa ganin hawayena ba sai yau, a kan ƙarfe.

Marigayiya ta zo mana a bayan tirela. Gwamnati ce ta saye ta daga hannun Alhaji Mika'ilu ɗan kwangila, aka ce sabuwa ce dal, ita za ta gyara hanyar da muke bi mu kai wake Dawanau. A shekarar da kwanon masara ya gagari magidanta, na yanka mata bunsuruna. Matata Hure ta ce, "Malam, shi kaɗai ya rage mana, za ka yanka wa mota?" Na ce, "Gireda ce, ba mota ba. Ke me kika sani?"

Manya suka ce wuƙarta na da faɗi, sai masu gonar bakin hanya sun ja da baya. To kowa ya san ƙasarmu: ka miƙe ƙafa a gonarka, ta faɗa ta maƙwabci. Mutane suka yi ta noƙewa. Ni na fara fita da adda, na sare gerona na bakin hanya alhali ya fara fitar da kai, na ce a ba Hajiya wuri. Da aka ga Ɗanliti ya yi, kowa ya yi.

Ranar ƙaddamarwa direbanta Ado ya hau ya murɗa makulli. Ta ce "gur-gur-gur", mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki hoto, manya suka shige motocinsu. Ba su ɓace wa ganinmu ba ta fara tari, "kuf, kuf", tana aman baƙin hayaƙi. Sitiyari ya ƙi juyawa. Ta saki hanya ta nufi tsakiyar gonata, daidai inda nake juye takin da na wahala da tara shi duk rani, ta ce "tsss". Shi ne furucinta na ƙarshe. Ado ya zare makulli ya ce bari ya je ya zo da bakanike. Muna dai jiran sa.

Shaida ta gaskiya, Hajiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa take kowa ba, ba ta tayar wa kowa ƙura ba, a tsadar man nan ba ta nemi ko ɗigo ba. Ni ne nake share mata kashin tsuntsaye, ina korar masu hawanta. Ruwan sama ne ya yi mata wanka. Fenti ya ɗaye, sai ga kore a ƙarƙashi, ƙarƙashin koren kuma tsatsa. Ashe tsohuwa ce tukuf, sa'ata, aka shafe ta aka kawo mana. Da an gaya min, da ban bari an sa ta aiki ba, da tabarma zan shimfiɗa mata mu yi hirar zamanin da.

Na je ofis na ce a zo a ɗauke gawa. Suka ce kayan gwamnati ne, wanda ya taɓa sai gidan yari. Na je wurin Alhaji Mika'ilu, ya leƙo ta gilashin mota ya ce, "Baba, ni da ranta na miƙa ta." Ni da ban taɓa durƙusa wa yunwa ba, na dawo gida a ƙasa, da tafin hannu wayam. Damina ta wuce, wata ta bi bayanta, mafi kyawun gonata na ƙarƙashin cikinta, baƙin mai yana ɗiga yana kashe ƙasa.

Marigayiya ta bar kajin Hure da ke ƙwai a inuwarta, da ƙadangaru masu yawa, da wata ƙanwa da na ji tana kwance haka a wani ƙauye wajen Ungogo. Ta bar Alhaji Mika'ilu cikin ƙoshin lafiya da sabon bene. Batirinta da fitilunta sun riga ta tafiya. Ta kuma bar ni.

Game da jana'iza: hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma bana sai na shuka wurin nan. Ranar Asabar da hantsi za a haɗu a gonata. Mai shanun huɗa ya zo da su, mai sarƙa ya zo da ita, mai igiyar rijiya ma kada ya raina. Ba sai an haƙa kabari ba, ruwa ya riga ya haƙa: kwazazzabon da ya raba hanya biyu a bayan kasuwa. Nan za mu kwantar da ita, mu bi da duwatsu da marmara, amalanke ya bi ta kanta ya wuce Dawanau. Ba za a yi zaman makoki ba, babu hatsin sadaka.

Ana gayyatar manya da Alhaji. Wanda kuma aka aiko ya tafi da ni, ya zo ya zauna a gindin kuka, Hure za ta ba shi ruwa. Sai na gama shuka.