Kafet Ɗin Da Ya Kawo Wuta Unguwarmu

Jama'a, a makon nan na zama tashar wutar lantarki, kuma ban nema ba.

Uwargida ce ta shimfiɗa sabon kafet a falo, irin mai gashi-gashin nan na roba. Na taso da silifas ina jan ƙafa, kamar kowane magidanci da duniya ta gajiyar, sai maƙwabcina tela ya yi sallama zai ari guduma. Na miƙa masa hannu. Tas! Ya yi tsalle da baya har hularsa ta faɗi.

"Maƙwabci, wuta ce ta ja ni!" in ji shi yana yarfe yatsu. "Ashe kuna da ita kuka yi gum?"

Ku tuna, rabon layinmu da wuta tun firjina yana firji. Yanzu takalma muke ajiyewa a ciki.

Da ya fita na saki labule, falo ya yi duhu, na ja ƙafa na kai yatsa kusa da mariƙin ƙofa. Sai ga ɗan tartsatsi shuɗi ya yi tsalle. Na cire silifas na gwada, shiru. Na mayar, tas.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, gogayya ce fa kawai. Kafet yana goga maka wutar, robar silifas ta hana ta sauka ƙasa, sai ta taru a jikinka tana jiran ƙarfe, ko tela." Ta goga mataji a gashinta, ta ɗaga guntayen takarda da shi, ta koma kicin abinta.

Amma tela ya riga ya baza labari. Kafin azahar an yi layi a ƙofata. Wannan da waya, wancan da injin aski. Wata tsohuwa har da dutsen guga, wai in riƙe mata wayarsa ko riga ɗaya ta samu ta goge.

Ana cikin haka sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Haskaka Unguwa, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, mutumin da ya yi mana alkawarin haske tun yarana suna rarrafe. Ya shigo da sakatarensa, fuska a murtuke.

"Daga ina ka jawo ta?"

"Daga kafet, ranka ya daɗe."

Suka ɗaga kujeru, suka leƙa bayan firji, ba waya. Mai Girma ya yi ta zagaye falon da takalmansa masu gindin roba, sannan ya kama kunnen sakatare zai raɗa masa magana. Tas! Sakatare ya kwarma ihu. Fuskar Mai Girma ta washe nan take.

"Ai wannan aikinmu ne," in ji shi. "Kashi na farko. Jibi za a ƙaddamar."

Kai, mutumin nan akwai hangen nesa. Ranar bikin aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka ɗauko janareta guda biyu don lasifika. In da layinmu aka jona su, da har fanka ta tuna aikinta. Sai dai an yi ruwa da safe, iska ta yi danshi, uwargida kuma don girmama baƙi ta goge kafet da jiƙaƙƙen tsumma. Wutar gogayya kuwa ba ta shiri da laima, ko ta taru sulalewa take yi.

Aka yanka ƙyalle. Mai Girma ya shiga jan ƙafa daga bango zuwa bango, gumi na tsiyaya, ya taɓa kunnen sakatare. Shiru. Suka kalli juna. Can sai sakatare ya ce, "Wayyo!" Jama'a suka tafa.

Tela, wanda ba ya iya riƙe bakinsa, ya miƙo hannu. "Ranka ya daɗe, ni ma a ja ni, don tarihi."

Aka taɓa shi. Ya tsaya yana jira kamar mai jiran allura. Ba komai.

Mai Girma ya karɓi lasifika ya sanar cewa an samu 'yar matsala daga babban layi, za a kai na'urar wurin gyara. Kafin in buɗe baki an naɗe kafet an sa a bayan mota. Tun ranar uwargida ba ta ce mini ci kanka ba, ni kuma ina zaune a kan siminti, layinmu na nan cikin duhunsa.

Jiya da rana na bi ta gidan Mai Girma. Ta taga na ji wani tas, sai muryar matarsa tana salati. Madalla. Kada wanda ya ƙara cewa kwamitin nan bai iya aiki ba: wuta ta isa gida ɗaya, kuma gidan da aka saba.